Kwandunan Ɗantani

"Ranar Asabar aka ce?"

"Asabar, bayan azahar. Har an yi magana da mai saran itace."

"Duruminmu ɗungurungum?"

"A'a, reshen nan kaɗai da ya miƙo kan harabar masallaci."

"To ai reshen ne durumin. In ka cire shi me ya rage, turke?"

"Ni dai kada a yi a gabana. 'Ya'ya ne fal a cikin kwandunan nan, ko gashi ba su gama ba."

"Ka faɗa wa Alhaji mana."

"Kai ka faɗa masa, tunda kai ka fi kowa dariya rannan."

"Wallahi tari ne ya sarƙe ni."

"Tari har da riƙe ciki? Kai, yi shiru, ga mai su can."

A teburin mai shayi na bakin layin masallaci ake wannan magana, a Dukawuya, da hantsin wata Laraba, cikin damunar shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Wanda aka ce ga shi can ɗin yana ƙarƙashin durumi da bokiti da soso, yana wanke tabarmin masallaci ɗaya bayan ɗaya. Ya ji su sarai. Bai ɗago ba.

Sunansa Ɗantani, baduku ne ɗan baduku. Ya haura sittin, gajere ne, in yana tafiya kafaɗarsa ta hagu tana riga ta dama sauka, saboda ƙafar da ta taɓa karyewa. Yatsunsa jajaye ne har cikin farce, jan karan dafin da ake rina fata, wanda sabulu ya daɗe da haƙura da shi. Gafakar Alƙur'ani yake ɗinkawa, da kuben wuƙa, da takalma, ya kai Ƙofar Wambai ya sarar. Ba shi da yawan magana. Abin da aka fi ji a bakinsa shi ne "ba komai", kuma duk wanda ya zauna da shi ya san in ya faɗe ta a hankali yana kallon ƙasa, to akwai komai.

Amma ba da dukanci aka fi saninsa a unguwa ba. Duk shekara, in zafi ya kai inda zai kai, mutane suka fara yawan duban gabas, sai ya bi gida-gida yana sallama: "A kawo tsohon kwando!" Mata su turo masa waɗanda gindinsu ya ɓule. Ya zauna a zaurensa ya ɗinke su da igiyar fata, sannan ya rataya su a ƙugu ya hau durumin, ya kafa kowanne a inda reshe ya rabu biyu, ya ɗaure tamau. Kwana kaɗan sai shamuwa su sauka, baƙaƙe masu farin ciki, su tarar da harsashin gida a shirye, su ƙara kirare su yi ƙwai. Haka mahaifinsa, Mikail, ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. A zamanin mahaifin, masu gona a bayan ganuwa sukan aiko su tambaya ko sun sauka. In aka ce sun sauka sai a fito da iri, don an san ruwa yana hanya. Yanzu gonakin sun zama gidaje, ba mai aikowa. Shi dai bai fasa hawa ba.

A kan durumin nan ya karye, shekara ashirin da suka wuce. Tun daga lokacin matarsa Kande take ɓoye masa igiyar hawa duk bazara, kuma kullum a wuri ɗaya take ɓoyewa, cikin tsohuwar randa ta bayan madafa. Shi ya je ya ɗauko, ita ta yi kamar ba ta gani ba, in ya sauko lafiya ta kwana biyu ba ta yi masa magana.

Da can a rassan yamma yake ɗaure kwandunan, wajen titi. Da aka zo ja wayar lantarki aka datse rassan nan kaf, ya rage sai na gabas, ƙaton reshen da ya shimfiɗu a kan harabar masallaci. Can ya koma da su, ba wanda ya ce uffan, don masallacin ko cika ba ya yi, balle a yi sahu a waje. Bana ma da ya ji an sare wata tsamiya a Shahuci da shamuwa suke sauka a kanta, sai ya ƙara kwanduna, daga shida suka koma sha ɗaya. Duka suka cika.

Abin da bai sa a ransa ba shi ne zaɓe. Nazeer, wani matashi ɗan malamin makaranta da ke zaune a ƙarshen layin, ya ci kansila. Tun ranar da aka rantsar da shi, masallacin da ba ya cika ya fara amai. Mai neman aiki, da mai neman a gyara masa kwata, da wanda ya ce shi ya kawo ƙuri'un unguwarsu, kowa ya gane cewa wurin kama kansila shi ne sallar magariba. Sahu ya fito waje, ɗaya, biyu, har huɗu, daidai ƙarƙashin kwandunan. Farar shadda ta fara komawa gida da zane.

An yi ta gunaguni har ranar Litinin ɗin da ta wuce. Alhaji Mamman, ɗan kasuwar da ya saya wa masallacin tabarmi da butoci, ya makara, bai sami sahun ciki ba. Ana cikin ruku'u wata shamuwa ta zo ciyar da 'ya'yanta, ƙadangaren da ta kamo ya suɓuce da ransa, ya faɗo ta wuyan babbar rigar Alhaji ya gangara gadon baya. Alhaji ya yi salati da ƙarfi, ya yi tsalle, ya tuɓe rigar a tsakiyar sahu. Sahu biyu suka watse. Wasu tsoro ya watsa su, wasu dariya. Kafin gari ya waye suna ya bi shi har rumfarsa ta kasuwa: Alhaji Ƙadangare.

Washegari bayan azahar Alhaji ya cire hularsa ya ajiye a ƙofar masallaci, ya ce duk mai son a yi salla cikin natsuwa ya sa abin da ya samu, a kira mai zarto. Kafin a gama sa takalma kuɗin ya haɗu.

A hantsin Larabar nan, Ɗantani ya shanya tabarmar ƙarshe, ya wuce zauren liman. Malam Umar, wanda kakanninsa suka zo daga Barno da karatu, ya saurare shi yana jan carbi.

"Malam, wata ɗaya kawai. Wata ɗaya 'ya'yan za su tashi. Ni da hannuna zan kwance kwandunan."

"Me zai hana ka matsar da su yanzu?"

"In na taɓa sheƙar uwayen ba za su dawo ba, Allah gafarta Malam. Ko an sare ko na matsar, duk ɗaya ne."

"Ni a wurina," in ji Malam, "tsuntsun da ba ya cin ƙazanta, kashinsa ba ya ɓata salla. Na faɗa wa Alhaji haka. Ya ce wa ya bi ta ya ga abin da take ci, tunda a bakin kududdufi take yini? Ban iya ba shi amsa ba, Ɗantani. Kuma ko da kashin mai tsarki ne, ƙadangare fa?"

"To in aka yi rumfa? A sa kwano a kan sahun waje. Kome ya faɗo ya faɗo a kan kwano."

"Falle nawa?"

"Kafinta ya ce goma sha biyu. Ginshiƙai ina da su, aikin ma zan taya shi."

"In ka samo kwanon, ni zan tsaya maka."

Daga nan ya nufi gidan kansila, ya jira a bayan mutum tara kafin ya shiga. Nazeer ya tashi ya ba shi kujerarsa, don a gabansa ya girma, shi ma ya ɗinka masa gafakar saukar karatu.

"Baba, wallahi ina jin maganarka. Amma ka duba. Kwatar layin nan ta toshe, ajin firamare ɗaya ba rufi. In na miƙe a majalisa na ce ina neman kuɗin rumfar shamuwa, me kake jin za a kira ni? Alhaji ya samu nasa sunan, ni ma nawa zan samu."

"Ba komai."

"Kada ka ce mini ba komai, Baba, na san ta. Ga abin da zan iya. Yanzu ba zamanin da mutum ɗaya zai yanke magana ba ne. A tara jama'a ranar Juma'a bayan la'asar, a tambaye su."

Ranar Alhamis Ɗantani bai taɓa basillar ɗinki ba. Ƙofofin da yake bi duk shekara neman tsohon kwando, su ya bi yana neman sabon kwano. Ba wanda ya kore shi. Kowa ya fito, kowa ya gaishe shi da girmamawa.

"Kai, abin tausayi. Ni fa ina son tsuntsayen nan, tun muna yara muke yi musu waƙa. Sai dai ka zo a mugun lokaci."

"Kwano? Baba Ɗantani, shigo ka ga ɗakina. Da kwanuka muke tarar ruwa, na cin tuwo."

"Ai an yi gwamnati yanzu. Mun zaɓe su, su yi mana. Me ya sa mu za mu biya?"

"Halittar Allah ce, Allah ba zai bar ta ba."

"In kan kare ɗan Adam ne sai mu ƙoƙarta. Amma a ce na cire na cefane na yi wa tsuntsu rumfa?"

"Ba tsuntsu za a yi wa ba," in ji Ɗantani, "ku za a yi wa. Su ai suna sama."

"Duk da haka dai."

Da yamma ya dawo hannu wofi, ya tsaya a gindin durumin yana kallon sama. Kawuna ƙanana masu furfurar gashi suna leƙowa ta bakin kwanduna, baki a buɗe. Kande ta aiko a ce masa tuwo yana hucewa. Ya ce ba komai.

Ranar Juma'a bayan la'asar harabar ta cika har titi. Aka fara da ɗaga hannu, sai rigima ta tashi, wani ya ɗaga biyu, wani ya ɗaga wa kowane ɓangare. Wani dattijo ya ce a yi irin zaɓen da aka taɓa yi shekarun baya, ƙato bayan ƙato: a tsayar da mutum biyu, kowa ya bi bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Aka yi shewa aka yarda. Alhaji Mamman ya tsaya ta dama, cikin sabuwar riga mai matsattsen wuya. Ɗantani ya tsaya ta hagu, hannayensa a baya.

Da farko ba wanda ya motsa. Sai ga wata tsohuwa ta ratso maza tana dogara sanda. 'Yardada ce, ungozomar unguwa, wadda rabin mazan da ke wurin ita ta yanke musu cibiya.

"Iya, wannan taron maza ne," in ji wani.

"Mazan da na wanke? Matsa mini." Ta tsaya bayan Ɗantani ta leƙo tana duban Alhaji. "Angona, ashe ƙadangare ne ya tuɓe ka a bainar jama'a? Ni da na san haka da tuni na nemi saki."

Dariya ta ɓarke. Alhaji ya yi murmushin dole. Kamar dariyar ce ta kwance mutane, sai suka fara gangarowa hagu. Babu mai son a gan shi a layin masu kashe 'ya'yan shamuwa, ga shi tun suna yara ake ce musu wanda ya taɓa ta ba ya gamawa lafiya. Layin Ɗantani ya miƙe ya wuce teburin mai shayi, ya karya kwana. Bayan Alhaji mutum bakwai ne, uku daga ciki yaran shagonsa.

Ɗantani bai waiwaya ba, amma yana jin tsawon layin a bayansa, yana jin numfashinsu.

Alhaji Mamman ya ɗaga hannu. "Malam, a ba ni izini."

"Bismilla."

"Na ga layi, na kuma yarda an fi ni. Amma ranar Talata da na ajiye hula, wa ya zuba kuɗin sara? Ba aljanu ba ne. Ga su nan a bayan Ɗantani, ina ganinsu, in aka ce in kira suna zan kira." Ya sauke hannunsa. "Ni ba ni da gaba da tsuntsu. Ni aka tozarta a gaban Ubangijina da gaban jama'a, 'ya'yana ba sa iya zuwa makaranta sai an bi su da suna. Abin da nake so in yi sujada ba ina tunanin abin da zai faɗo mini ba. Ɗantani ya ce rumfa. Na yarda da rumfa. To tsayuwa a layi kyauta ce. Duk wanda ya tsaya can, ya tsaya da fallen kwano ɗaya a wuyansa, ya kawo gobe da safe. In ba haka ba, ya fita daga layi."

Aka juya ana kallon liman. Malam Umar ya ajiye carbinsa.

"Maganar Alhaji ba zalunci a cikinta," ya ce. "Wanda ya zauna a layin nan ya yi alkawari, kuma a ƙofar masallaci ya yi shi."

Ba a watse a lokaci ɗaya ba. Wani ya duba agogo ya ce ya bar shago a buɗe. Wani ya sunkuya gyara takalmi, da ya miƙe sai aka gan shi a gefe. Wasu biyu suka ce ai gidansu ɗaya, ko za a haɗa musu falle ɗaya, kafin a ba su amsa suka bi ta lungu. Ɗantani yana jin sawun takalma suna raguwa a bayansa. Har yanzu bai waiwaya ba.

"Kai, Ladan, ina za ka?" 'Yardada ce take kira. "Kai da ka fi kowa tsawo kake ɓuya? Ku dube su, don Allah. Ku dube su!"

Da Malam ya ce a duba layi, mutum uku ne a bayan Ɗantani. 'Yardada, wadda ta ce za ta sayar da tunkiyarta. Mai shayi, wanda ya ce in aka sare reshen inuwarsa ta tafi, ciniki ya bi ta. Sai Nazeer, wanda ya taho daga gefe a ƙarshe, ya ce nasa daga aljihunsa ne, kada wani ya ce kuɗin hukuma.

"Uku," in ji Alhaji. Bai faɗa da izgili ba. "Saura tara."

"Ba komai," in ji Ɗantani, yana kallon ƙasa.

Malam Umar ya miƙe ya yanke magana. Nata'ala mai saran itace zai zo gobe bayan azahar kamar yadda aka shirya. In ya tarar da rumfa a kan sahun waje, ya sha ruwa ya koma, kuɗinsa ya zama sadaka. In ya tarar da sarari, ya yi aikinsa, kuma kada wanda ya tare shi. Alhaji ya ce ya amince. Aka shafa fatiha.

Ɗantani bai bi ta kasuwa ba, don ya san abin da ke aljihunsa, ya kuma san ba wanda zai ba baduku falle tara a kan gafakar da ba a ɗinka ba. Gida ya nufa. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska tana ɗauke da ƙamshin ruwan da aka yi a wani wuri.

Gidansu na ƙasa ne, rufin azara da tabo, irin na gado. Zaure yana yoyo, ɗakinsa ma yana yoyo ta kusurwa biyu. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai rufin kwano, na Kande. Shekara shida tana soya alkaki tana kiwon awaki kafin ta rufa shi, bara waccan, kuma ranar da aka yi ruwan farko a kansa ta zauna a tsakiyar gado ta ƙi fitowa, wai tana sauraron ƙarar da ba ta shigowa ciki. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai. Falle goma ne, ya sani, da shi aka buga su.

Kande tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Labari ya riga shi isowa.

"Na ji an bar ka da tsohuwa da mai shayi."

"Da kansila."

"Da kansila," ta maimaita. "To sannu. Wanke hannu, ka ci abinci. Ka yi iya yinka, Malam, kowa ya gani."

Bai motsa ba. Ta ɗago ta dube shi, ta ga ba ita yake kallo ba. Ta bi idonsa zuwa sama. Muciyar ta tsaya a cikin tukunya.

"A'a," ta ce.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Kada ma ka ce. Ka ga gabas kuwa? Ka ga abin da ke tahowa? Gadona, da katifata, da kwallayen da zan kai wa 'yarmu Lami in ta haihu, ina zan kai su? Mutum ɗari sun tsaya a bayanka sun gudu, sai ni da ban je ba?"

Ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi a gabanta a tsakar gida ba. Ya tako a hankali, kafaɗar hagu tana riga ta dama, ya durƙusa a kan ƙafar mai lafiya, kusa da murhun, hayaƙi yana shiga idonsa.

"Kande, ba kyauta nake nema ba. Zan kwashe kayanki da kaina in kai ɗakina, in sa su a inda ba ya zuba, ni in koma zaure. Ranar da na ƙarshensu ya tashi, kafin rana ta faɗi zan mayar miki da kowane falle a inda na cire shi. Don girman Allah, ki ara mini rufin ɗakinki na wata ɗaya."